Garin Ƙashi a Bakin Mai Bigila

Haƙori ɗaya ne, na sama, na gaba, wanda ya ɗan karkata hagu. Shekara talatin da huɗu bakin bigila yana zaune a kansa, leɓe ne kaɗai a tsakaninsu, kuma bai taɓa yin ƙorafi ba sai wata safiyar Talata. Ana ɗaga tuta a harabar 'yan kwana-kwana, mai bigila ya kai ga muryar nan ta sama wadda ake ja har tuta ta isa kan sanda, sai ya ji ƙas a cikin kansa, kamar an taka busasshen kara a ɗakin da ke kusa. Ya ƙarasa busar, ya sara wa tuta. Da ya sauke bigilar ya ga jini a bakinta.

Shekarunsa hamsin da takwas, saura biyu ya yi ritaya. Tun da gwiwa ta hana shi hawa tsani aka bar shi a badujala kaɗai, wato ƙungiyar masu kiɗa da busa ta ma'aikatar. Shi ke busa da safe, shi ke busa idan za a sauke tuta, kuma shi ake tsayarwa idan wuta ta ci ɗaya daga cikinsu aka taru don girmama shi. Sau goma sha ɗaya ya yi wannan. In ka cire bigila daga hannunsa, abin da ya rage tsoho ne mai ɗingishi a cikin kaki.

Likitar haƙorin gajeruwa ce, sai ta taka ɗan benci kafin ta leƙa bakin mutum. Ta ɗauki hoto, ta juya masa allon kwamfuta. Karon farko ke nan da ya ga cikin kansa. Haƙoran sun jeru kamar farare cikin hazo, saiwoyinsu dogaye fiye da yadda ya zata, har ya ji kunya kamar an buɗe masa tsiraici.

"Baba, ka ga baƙin layin nan? Tsagewa ce, daga baki har saiwa. Ba ta ɗinkuwa. Sai cirewa."

"A cire a sa wani," in ji shi. "Amma mai ƙarfi, 'yata. Ba na murmushi nake so ba, na aiki nake so."

Ta ce akwai. Ana ɗaura wata ƙusa ta farin ƙarfe a cikin ƙashin muƙamuƙi, ƙashin ya rungume ta, sannan a ɗora haƙori a kai. Amma ƙusa ba ta tsayawa sai da bango.

"Ƙashin shi ne magana. Mutane na ɗauka dutse ne. Ba dutse ba ne, Baba, rai gare shi. Muddin haƙori yana tauna, yana danna shi, zai tsaya da ƙarfinsa. Ranar da aka cire haƙorin ya ga ba shi da aiki, sai ya fara narkewa. Musamman bangon gaba, nan bayan leɓe, wanda bai fi ɓawon ƙwai kauri ba."

Mai bigila ya ɗago kai daga kujerar.

"In ba ya aiki narkewa yake?"

"Haka ne. Shi ya sa ba zan bar ramin fanko ba."

Ta nuna masa wata 'yar kwalba mai farin gari kamar gishiri. Ƙashin sa ne, wato bajimi, ta ce, an wanke, an ƙone har ba abin da ya rage na dabba sai allin. Za ta cika ramin da shi, ta rufe da wani ɗan mayafi siriri kamar fatar albasa, ta ɗinke. Garin ba shi ne zai zama ƙashinsa ba. Tsani ne kawai. Ƙashinsa ne zai riƙa rarrafe a kai a hankali, kamar yadda yaɗo ke bin danga, har ramin ya cika. Wata biyar. Sannan ƙusa, ita ma wata uku.

"Wata takwas ba busa. Ba bigila, ba sarewa, ko balan-balan ɗin jika kar ka hura. Kar ka taɓa wurin, kar ka danna. Ka ji ni?"

Ya ce ya ji. Kuma ya ji ɗin. Sai dai magana biyu ta faɗa masa ranar, ɗaya ta zauna a kunne, ɗaya ta wuce ciki ta sami tabarma.

Cirewar ba ta yi zafi ba. Ya kwanta yana kallon fitila, yana jin ana tura garin da ɗan cokali, yana tunanin san. Wane iri ne, fari ko ja? Ya taɓa jan garma? Ya yi mamakin yadda dabba za ta gama kiwonta, a yanka ta, a cinye ta, amma wani ɗan ɓangarenta ya tashi ya shiga kwalba, ya hau jirgi, ya zo ya tare a bakin wani tsoho da bai taɓa gani ba.

A gida matarsa ba ta jira ya gama bayani ba. Ta ɗauki bigilar daga ƙusar da ake rataye ta, ta naɗe cikin tsohon zane, ta sa a ƙasan akwatinta, ta kulle, ta ɗaura makullin a bakin gyale.

"Na san ka, Maigida. Shekara talatin ina jin ƙarar abin nan kafin in ji sallamarka. Wata takwas ba za su kashe ka ba."

"Maman yara, ni yaro ne?"

"Yaro ai ana yi masa tsawa ya ji."

Abin da ba ta lura ba, bigilar da ta kulle ba ta da baki. Bakin bigila ciruwa yake, ɗan ƙarfe ne mai kamar mazurari, masu busa suna ce masa ƙoƙo. Nasa yana aljihun ƙirjinsa, inda yake kwana tun yana saurayi.

A wurin aiki mai ganga, abokinsa na tun shiga aiki, ƙato mai tumbi, ya tare shi tun daga ƙofa.

"Ga bajimi! Ashe gaskiya ne sa aka zuba maka? Buɗe mu gani. Kai, a kawo masa dusa! Wallahi ranar da ka fara tuƙa a layin fareti ni ba ruwana."

"Gara ni ƙashin aka ba ni. Kai tumbin aka ba ka, ba a ma ɗinke ba."

Aka yi dariya. Amma da Saje, shugaban badujalar, ya kira shi ofis, ba dariya a fuskarsa. Ya ce nan da wata tara sabon shugaban ma'aikata zai zo duba fareti, kuma an riga an ce badujalar ta yi yawa. Kafin ranar za a gwada kowa. Wanda ba ya busawa a mayar da shi gadin ƙofa.

"Na riƙe maka wurinka har ranar gwaji, Baba. Iyakar abin da zan iya ke nan. Kafin nan Na Biyu zai riƙa busa."

Na Biyu mutum ne shiru-shiru mai furfura a gemu, shekara goma sha tara yana tsaye a bayan mai bigila yana jira.

Wata tara. Likita ta ci takwas, ta bar masa ɗaya. Kuma duk mai busa ya san wata ɗaya ba ya ta da mataccen leɓe.

Domin 'yan badujala suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba, suna ce mata shayar da leɓe. Tsohon da ya koya masa busa, wanda ya daɗe da rasuwa, yakan ce leɓe dabba ce, in ba a shayar da ita kullum ba a tsaye take mutuwa. Ko kana hutu, ko kana zazzaɓi, ko kana gadon asibiti, ka ciro ƙoƙo ka ɗora, ka yi numfashi goma. Ba sai da bigila ba. Ƙarar ba ta fi ta ƙudan zuma a kwalba ba. Mai bigila ya san wani da ya karye a ƙugu ya kwanta wata huɗu, ya manta ƙoƙonsa a gida. Da ya fito leɓensa ya zama irin na kowa, ya ƙare aikinsa yana ɗaukar akwatunan ganga.

Sati uku ya daure. An cire zaren ɗinki, dasashin ya rufe ramin, ja sumul. Kowace safiya yana tsaye gefe yana jin Na Biyu yana busa, da farko muryar sama tana tsage masa, daga baya ta daina. Shi kuwa leɓensa ya fara zama baƙo. Yakan taɓa shi da yatsa ya ji ya yi taushi kamar na jariri. Wurin nan mai tauri a tsakiya, wanda ya gina shekara da shekaru, yana saki.

Sai maganar da ta sami tabarma ta tashi zaune. In ba ya aiki narkewa yake. Ashe dokar leɓe ita ce dokar ƙashi! Likita da bakinta ta ce danna ƙashi ne ke raya shi. Yanzu ba haƙorin da zai danna, to wa zai ba shi aiki? Yarinya ce mai ilimi, amma ba ta taɓa busa ba, ba ta san cewa akwai dannawa mai sauƙi ba, ta lallashi. Tana tsoron irin mutanen da za su ɗauki bigila su cika gari da ƙara. Shi numfashi goma kawai zai yi. Leɓe ya sha, ƙashi ya sami aiki. Ya ga abin ya haɗu tsaf, har ya ji tausayin likitar da ba ta gano ba.

A bayan harabar akwai doguwar hasumiya inda ake rataye mesar ruwa ta bushe bayan an dawo daga gobara. Ciki duhu-duhu ne, da sanyi, da warin hayaƙi da jiƙaƙƙen yadi, mesoshin suna lilo daga sama suna ɗiga. Can ya shiga bayan azahar. Ya ɗora ƙoƙon. Ba haƙori a hagu, don haka ƙarfen ya kwanta a kan haƙorin dama da kuma dasashin da ke saman ramin. Ya hura. Sautin ya fito, siriri, yana rawa, ya hau cikin hasumiyar ya dawo masa. Hawaye suka zo masa don daɗi.

Goma ranar farko. Sati na gaba ashirin, domin leɓen ya nemi ƙari.

Wani lokaci yakan ji tsakuwa ƙanana a harshe, ya tofa a tafin hannu ya ga farin gari ƙwaya biyu ko uku. Ya ce a ransa ƙashinsa ne ke korar na bajimin, kamar yadda mai gida ke sallamar baƙo in ya dawo daga tafiya. Wurin yakan yi zugi da yamma. Wannan ma ya san shi, haka leɓe ke zugi idan yana ƙara ƙarfi. Ranar da aka ba shi ya koma a duba, a wata na biyu, bai je ba. Ba ciwo, me za a duba?

Matarsa ce ta gane. Yana shan shayi ta tsaya a kansa, ta kama haɓarsa ta juya fuskar wajen haske.

"Mene ne wannan zoben a leɓenka?"

"Kofi ne."

"Kofi! Ni za ka yi wa kofi? Zoben da na sani tun kafin in haifi ɗan fari?" Ta shafa bakin gyalenta, makullin na nan. Sai ta kai hannu aljihun ƙirjinsa. Ya riƙe hannun.

Ya zaunar da ita ya yi mata bayani dalla-dalla, da yatsu, da misalin rijiyar da ba a ɗiba. Ta saurara har ya gama.

"To, Malam likita. In haka ne, tashi mu je ka faɗa mata. In ta ce daidai ne, ni da kaina zan buɗe akwati."

"Ba za ta gane ba."

"Abin da ba ka iya faɗa wa mai aikin, ka san ba shi da kyau. Ni ba bigila na aura ba. In ƙofa ce ka yi gadin ƙofar mana, shekara biyu ce fa. Wa zai zage ka?"

"Ba wanda zai zage ni," ya ce. "Ba wanda zai ma gan ni."

Ta kwashe kofunan ta fita. Ba ta sake tayar da maganar ba, shi kuma bai daina ba.

Da wata biyar suka cika, leɓensa ya dawo kamar na shekara talatin. Ya tafi asibiti da kaki mai guga, yana jin kamar ɗalibin da ya yi aikin da ba a sa shi ba, yana jiran yabo.

Likita ta hau bencinta, ta ɗaga leɓen. Ta shafa dasashin da yatsa. Inda ya kamata a ji tudu, kwari ne, kamar an danna ɗanyen yumɓu da babban yatsa. Ta ɗauki hoto. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi allurar kashe zafi, ta ce sai ta buɗe ta gani da ido.

Bai ji ƙarar ƙarfe a kan ƙashi ba. Ya jira ta, ba ta zo ba. Abin da ya ji shi ne ɗan cokalin yana shiga wani abu mai laushi. Ta ɗebo ta nuna masa a kan auduga: farin gari cakuɗe da jan nama, kamar jiƙaƙƙen yashi.

"Baba, me ka yi?"

Ya faɗa mata, da bakin da rabinsa ya mutu, harshe yana tuntuɓe. Ya ciro ƙoƙon ya nuna. Ya maimaita mata maganarta.

Ta sauko daga bencin ta zauna a kai, ta cire safar hannu.

"Ni na faɗa, haka ne. Amma wannan dokar ƙashin da ya riga ya tsaya ce. Wanda ake haifa kuwa ba ya son motsi ko kaɗan. Jijiyoyin jini ne sirara, sun fi gashi siranta, suke shiga cikin garin su fara gini. Duk ranar da ka danna, garin ya motsa, su tsinke. Washegari su sake, ka sake tsinkawa. Daga ƙarshe jiki ya gaji ya cike wurin da nama." Ta nuna allon. "Bangon gaba ya tafi gaba ɗaya. Kuma ka ga haƙorin dama? Shi ya ɗauki nauyin biyu. Ƙashin gefensa ya zaizaye, ya fara girgiɗi."

"A sake zuba garin."

"Ba ramin da zai riƙe shi yanzu. Sai dai in yanko ƙashi daga can bayan muƙamuƙinka in dasa a nan. Wata shida ko fiye, sannan ƙusa, sannan haƙori. Shekara guda da wani abu, ba ƙoƙo ko sau ɗaya, kuma ban yi maka alkawarin zai kama ba. Da ka zo a wata na biyu, da mun ceci wani abu. Ni ma da na tambaye ka yadda kuke aikinku."

Gwaji saura wata huɗu. Ya tambaya ko akwai abin da ya fi sauri. Ta ce haƙorin roba, mai faranti da ke manne a ganɗa, wato rufin baki, a sa a cire. Yana kyau a hoto, yana cin abinci mai laushi. Bai tambaye ta ko yana busa ba.

Matarsa ta buɗe akwati da kanta ranar da ya kawo haƙorin, ta ajiye masa bigilar a kan gado, ta fita tsakar gida. Ya yi ta gwadawa a hasumiya. Muryoyin ƙasa suna fitowa. Ta sama wani lokaci ta fito, wani lokaci farantin ya goce. Ya gwada matsar da ƙoƙon dama, ya gwada hagu, ya sayi man manne haƙori, ya gwada cusa auduga a kwarin.

Ranar gwaji da hantsi aka jera su a harabar, gaban jajayen motoci. Saje yana riƙe da takarda, da wani jami'i daga babban ofis a gefensa. Mai ganga, da ya riga ya wuce nasa gwajin, ya raɗa masa, "Bajimi, nuna musu ƙaho." Muryarsa ba ta yi kama da wasa ba.

Mai bigila ya fito taki uku, ya ƙame. Busar ɗaga tuta aka ce. Murya ta farko ta fito cikakkiya, zagayayya, har jami'in ya ɗago kai daga wayarsa. Ta biyu, ta uku. Leɓen bai taɓa yin kyau kamar ranar ba. Ya ja numfashi ya matsa don ta sama.

Farantin ya tashi daga ganɗa. Iska ta tsere ta gefe da wani sauti irin na tsagewar tsohon yadi. Ya tura shi da harshe ya sake matsawa, sai haƙorin dama ya kwanta ciki, zafi ya harba har ido. Ya sake. Ba abin da ya fito sai iska da yawu mai ja.

"Ya isa, Baba," in ji Saje.

Ya sake ɗorawa.

"Baba. Ya isa."

Na Biyu yana kallon takalminsa. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi masa sauƙi.

Ɗakin gadin yana da taga ɗaya, da kujerar roba, da sandar ƙarfe da ake ɗagawa idan motoci za su fita. Sati biyu bayan gwajin aka cire haƙorin dama. Likita ta tambaya ko ta zuba garin a sabon ramin, ko don gaba. Ya ce ta bar shi haka.

Leɓen ne kaɗai bai sami labari ba. Kowace safiya, ana saura minti kaɗan a ɗaga tuta, sai ya ji ya ɗaure da kansa, ya tattaru a tsakiya, yana motsi, yana jira. Mai bigila yakan ɗora tafin hannu a kai ya danne har Na Biyu ya gama. Ya tambayi mai ganga ko ya tuna wata nawa leɓen mutumin nan mai karayar ƙugu ya ɗauka kafin ya mutu.

"Huɗu, ina ji," in ji mai ganga. "Amma nasa bai kai naka ƙarfi ba."

"To," ya ce. Ƙararrawa ta kaɗa a ciki, injin mota ya tashi, ya miƙe da ɗingishinsa ya je ya ɗaga sandar.